“Ai Na Saba”: Ƙarancin Barci da Abin da Yake Yi wa Jiki

  Yau maganar barci za mu yi: barcin da ba ya isar mu, abin da rashinsa yake yi wa jiki, da yadda za a gyara.

Bari mu fara da lissafi. Kowa ya yi nasa daga inda yake zaune.

A garuruwanmu, daga Kano har Damagaram, ladan yana kiran sallar Asuba wajen ƙarfe 5. Lokacin tashi ke nan, kuma ba ya matsawa don wani ya yi dare. Su kuwa masana barci sun ce baligi yana buƙatar aƙalla sa'o'i 7 a kowane dare. Wannan ita ce matsayar da manyan ƙungiyoyin masana barci biyu na Amurka suka fitar tare a 2015. To, a ƙirga sa'o'i 7 baya daga ƙarfe 5 na asuba. Ina aka tsaya? Ƙarfe 10 na dare.

Yanzu mai sauraro ya tambayi kansa: jiya da ƙarfe 10 na dare, ina yake?

Wani yana gidan kallon ƙwallo, domin manyan wasannin Turai sai ƙarfe 8 ko 9 ake take su, kuma bayan an tashi akwai musun da za a yi a hanya. Wani yana teburin mai shayi, hira ta yi daɗi. Wata budurwa tana kwance, amma idonta biyu, tana jiran ƙarfe 12 ya buga ta sayi datar dare mai arha. Uwargida kuma lokacin ta gama kwashe kwanuka, ga waken ƙosan gobe bai gama jiƙa ba. Dukansu ladan ɗaya ne zai tashe su. Wanda yake da halin komawa barci bayan salla ya ɗan rage asara. Amma ɗan makaranta, da ma'aikaci, da mai sammakon kasuwa, ba su da wannan damar.

Sashe na farko: me jiki yake yi idan mutum ya yi barci?

Da yawa suna ɗauka barci kashe wuta ne, komai ya tsaya sai safe. Ba haka ba ne. Barci zagaye-zagaye yake yi. Kowane zagaye yana ɗaukar wajen minti 90, kuma mutum yana yin 4 zuwa 6 a dare guda. A farkon dare barci mai nauyi ne ya fi yawa, irin wanda ko an kira sunan mutum ba ya ji. A nan ne jiki yake sakin sinadarin girma, wanda yake gina jikin yaro, yake gyara naman babba. A nan bugun zuciya yake lafawa. Awon jini ma yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, jijiyoyi su samu sararawa.

Can goshin asuba kuma sai barcin mafarki ya ƙaru. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, su suka fara bayyana shi a 1953, bayan sun lura ƙwayar idon mai barci tana kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido. A cikin waɗannan matakai ƙwaƙwalwa take tsara abin da aka koya da rana, ta adana shi. Shi ya sa ɗalibin da ya kwana yana karatu har asuba, ya shiga jarrabawa bai runtsa ba, ya cuci kansa. Ya zuba karatun, amma bai bar shi ya zauna ba. Haka mai hadda. Bitar dare tana son barci a bayanta.

A 2013 kuma, ayarin Maiken Nedergaard a Jami'ar Rochester ya nuna cewa idan ɓera yana barci, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwarsa yana ratsa ta fiye da lokacin da yake farke, yana kwashe dattin da ya taru. Cikin dattin nan har da wani furotin da ake alaƙanta shi da cutar mantuwa ta tsufa. A kan ɓeraye aka yi wannan binciken, kuma masana suna ci gaba da bin sawunsa a kan mutane.

Ke nan barci aiki ne. Aiki ne da jiki ba ya iya yin sa ido biyu.

Sashe na biyu, kuma shi ne zuciyar shirinmu na yau. Maganar nan da muke yawan ji: “Ai ni na saba. Sa'a 4 ta ishe ni.”

A ƙarshen 1963, wani saurayi ɗan shekara 17 a birnin San Diego na Amurka, Randy Gardner, ya ƙudura zai gwada iyakar abin da ɗan Adam zai iya jurewa. Ya yi sa'o'i 264 bai yi barci ba. Kwana 11 ke nan. Masanin barci William Dement na Jami'ar Stanford yana cikin waɗanda suka sa masa ido. Tun a kwanakin farko ya fara saurin fushi, ya fara mantuwa, daga baya ya fara ganin abin da babu shi. A rana ta ƙarshe aka ce ya riƙa cire 7 daga 100 yana sauka. Da ya kai 65 sai ya tsaya. Aka tambaye shi dalili, ya ce ya manta abin da yake yi.

Irin wannan kowa zai gane haɗarinsa. Amma ba ita ce matsalarmu ba. Matsalarmu gutsure ne: sa'a ɗaya yau, sa'a biyu gobe, shekara da shekaru.

Wannan ma an gwada shi. A 2003, masu bincike a Jami'ar Pennsylvania, Hans Van Dongen da David Dinges da abokan aikinsu, sun tara mutum 48 masu lafiya. Wasu aka ba su sa'o'i 8 a kan gado kowane dare, wasu 6, wasu 4, har tsawon mako biyu. Wani rukuni kuma aka hana su barci gaba ɗaya na kwana 3. Kullum ana auna saurin hankalinsu da natsuwarsu. Masu sa'o'i 8 ba su canja ba. Masu sa'o'i 6 kuwa kullum sai ƙara taɓarɓarewa suke yi. Kafin mako biyun ya cika, kurakuransu sun kai na wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu cur bai runtsa ba.

Ga inda ake so mai sauraro ya kasa kunne. Da aka tambaye su yaya suke ji, sai suka ce barcin da suke ji bai ƙaru sosai ba. Awo yana nuna suna nutsewa, su kuwa suna jin sun daidaita.

Wannan shi ne “na saba”. Mutum ya saba da jin gajiya, har ya ɗauka haka lafiya take. Amma ƙwaƙwalwarsa ba ta saba ba. A sake ji: jin gajiyar ne ake sabawa da shi, ɓarnar kuwa tana nan tana taruwa. Masana suna kiran wannan bashin barci, kuma dogon barcin ranar Lahadi ba ya biyan sa duka.

Gaskiya ne akwai waɗanda Allah Ya halitta da ƙarancin buƙatar barci. A 2009, ayarin Ying-Hui Fu a Jami'ar Kaliforniya da ke San Francisco ya gano wani sauyi a ƙwayar halittar wata uwa da 'yarta, waɗanda wajen sa'o'i 6 suke ishe su, kuma suna tashi garau. Amma irinsu 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Ga gwaji mai sauƙi. Wanda yake gyangyaɗi a huɗubar Juma'a, ko da zarar ya zauna a mota, ko wanda sai da goro da shayi yake kai la'asar, ba ya cikinsu.

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ƙarancin barci. Mun shiga sashe na uku: cututtukan da yake buɗe wa ƙofa.

Mu fara da suga. A 1999, a Jami'ar Chicago, Eve Van Cauter da abokan aikinta sun taƙaita barcin samari 11 zuwa sa'o'i 4 na dare 6 a jere. Samari ne lafiyayyu. Amma cikin ƙasa da mako guda, saurin da jikinsu yake kwashe suga daga jini ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Da aka bar su suka yi barci sosai, sai abin ya gyaru. A 2004 kuma ayarin ya nuna dare biyu kacal na gajeren barci sun isa su ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa, su sauke wanda ke sa jin ƙoshi. Kuma abin da ran mutum yake so a lokacin shi ne kayan zaƙi da na gari. Wanda ya taɓa ganin layin indomi da burodi a wurin mai shayi da tsakar dare ya ga wannan da idonsa.

Sai zuciya. Mun ce awon jini yana sauka da dare. Wanda ba ya samun isasshen barci, jijiyoyinsa ba sa samun wannan hutun. Bincike da dama sun alaƙanta gajeren barci na shekaru da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Hujjar ta yi ƙarfi har a 2022 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta sa barci cikin abubuwa 8 da take auna lafiyar zuciya da su, kafaɗa da kafaɗa da abinci, da motsa jiki, da barin taba.

Garkuwar jiki ma tana ji a jikinta. A wani bincike da aka wallafa a 2015, an ɗiga wa mutum 164 ƙwayar cutar mura a hanci, da amincewarsu, bayan an auna barcinsu na mako guda. Masu barci ƙasa da sa'o'i 6 sun ninka masu barcin fiye da sa'o'i 7 sau 4 wajen kamuwa.

Akwai kuma abin da ba a auna shi a asibiti, amma iyali sun san shi. Saurin fushi. Tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maigida ya dawo a gajiye, uwargida ma ba ta runtsa ba saboda goyo, sai ƙaramar magana ta zama babba. Rashin barci da ciwon damuwa kuwa kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.

Yanzu kalma ta musamman ga direbobinmu, na tirela, da na tanka, da na bas ɗin dare masu ɗaukar hanyar Kano zuwa Legas, tafiyar wajen kilomita 1,000.

Akwai abin da ake kira ɗan guntun barci. Ƙwaƙwalwa ce take ɗaukewa na daƙiƙa kaɗan, wani lokaci ma ido a buɗe, kuma mutum bai san ya yi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin mita 111 cikin daƙiƙa 4. Ya fi tsawon filin ƙwallo, babu mai riƙe da sitiyari. A 1997, masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun nuna cewa wanda ya yi sa'o'i 17 a farke, hannunsa da idonsa suna yin sanyin aiki daidai da wanda giya ta fara kama shi. Idan ya kai sa'o'i 24, ya wuce iyakar mayen da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi da shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, FRSC, tana lissafa gajiya da barci a kan sitiyari cikin dalilan haɗarin mota.

Malam direba, sauke gilashi ba ya korar barci. Ƙure rediyo ba ya korar sa. Wanke fuska na 'yan mintuna ne. Tramadol kuwa musiba ce a kan musiba. Idan hamma ta yi yawa, idan ido ya fara nauyi, idan ka kasa tuna garin da ka wuce yanzun nan, nemi wuri mai aminci ka tsaya, ka kwanta ko da minti 20 ne. Fasinjoji, ku ma kada ku matsa wa direban da ya ce zai huta. Ranku yake karewa.

Sashe na huɗu: mene ne abin yi?

Abu na farko mun riga mun faɗa. Tunda lokacin tashi a kafe yake, lokacin kwanciya ne za a matso da shi. Ba sai an yi tsalle ɗaya ba. Wanda ya saba kaiwa ƙarfe 12, ya rage minti 15 ko 20 duk bayan kwana biyu ko uku, har ya iso inda yake so. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin Isha'i, ba ya son hira bayanta. Ya kuma umarci wanda gyangyaɗi ya kama shi yana salla da ya kwanta har barcin ya sake shi. Kakanninmu da ba su da lantarki a kan wannan tsarin suka rayu.

Na biyu, haske. A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogo, kuma haske ne yake saita shi. Masana uku da suka gano yadda irin wannan agogo yake aiki a cikin ƙwayoyin halitta sun samu kyautar Nobel a 2017. Idan duhu ya yi, jiki yana sakin wani sinadari mai suna melatonin, wato mai shelar cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta shi. Waya kuma ta haɗa biyu: ga haske a fuska, ga labarin da ba ya ƙarewa. A ajiye ta sa'a guda kafin kwanciya, nesa da matashin kai. Da safe kuma a fita a sha hasken rana.

Na uku, abin da ake sha. Goro, da shayi, da ataya, da kofi, da lemon ƙarin kuzari, duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke toshe saƙon gajiya a cikin ƙwaƙwalwa. Jiki yana ɗaukar wajen sa'o'i 5 kafin ya fitar da rabinsa kawai. Wani gwaji da aka yi a birnin Detroit a 2013 ya nuna kafeyin mai yawa da aka sha sa'o'i 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da sa'a guda. Saboda haka mai fama da barci ya tsayar da goro da shayi daga azahar.

Sai ƙailula. Tana da amfani ƙwarai, musamman ga masu tashin dare da lokacin azumi. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada ta a kan matuƙa jiragen sama masu dogon zango, kuma barcin wajen minti 26 ya ƙara musu natsuwa. Amma ta zama gajeriya, minti 20 zuwa 30, kuma kafin la'asar. Idan ta yi tsawo ko ta yi yamma, daga barcin dare take ci.

Mun san akwai abin da ya fi ƙarfin shawara. Zafin bazara, ɗaki kamar tanda, ga babu wuta. Watsa ruwa kafin kwanciya yana taimakawa, domin sai zafin jiki ya ɗan sauka barci yake zuwa. Mai kwana a tsakar gida ya ɗaura gidan sauro mai magani. Janareta kuwa kada ya kwana a ɗaki, ko a soro, ko a bakin taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Haka garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

Iyaye, yara sun fi manya buƙata. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana son sa'o'i 9 zuwa 12. Ɗan 13 zuwa 18 yana son 8 zuwa 10. Yaron da ke zuwa allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya da yamma, ba shi da wani lokacin da zai rama sai farkon dare. Idan malami ya ce yana gyangyaɗi a aji, kafin a ɗauki bulala a duba ƙarfe nawa yake kwanciya. Mai jego kuma a taimaka mata. A karɓi jaririn na sa'a biyu da rana ta samu ta runtsa.

Sashe na ƙarshe: yaushe ya kamata a ga likita?

Idan mutum ya kwanta barci ya ƙi zuwa, kada ya yi ta juyi yana duba agogo. Bayan kamar minti 20 ya tashi, ya zauna a wuri mai ƙarancin haske, ya yi tasbihi ko wani abu mai kwantar da rai, sai ya ji barci sannan ya koma. Amma idan abin ya kai dare 3 a mako, har tsawon wata 3, ya zama lalurar da ake zuwa asibiti dominta. Maganin da likitoci suka fi ba da shawarar a fara da shi ma ba ƙwaya ba ce. Horo ne na gyara ɗabi'un kwanciya da tunanin da ke hana barci.

Sai minshari. Ba kowane minshari ne cuta ba. Amma idan mai minshari yana ɗauke numfashi na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya yi firgigit kamar an shaƙe shi, ya tashi da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi, to maƙogwaronsa ne yake toshewa cikin barci. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya ce mutum kusan miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 suna da wannan lalura a duniya. Tana tayar da hawan jini, kuma tana da magani, daga rage ƙiba har zuwa na'urar da ke hura iska ta hanci. Mai ita ba ya sani, domin barci yake yi. Uwargida, ke kike ji. Ki gaya masa, ki kuma raka shi asibiti.

Kuma don Allah, kada a je kyamis a sayi ƙwayar barci ba da takardar likita ba. Diazepam da 'yan'uwanta suna kama jiki, har mutum ya kasa barci sai da su. Maganin tari mai kodin ma, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018, ba maganin barci ba ne. Wanda ya riga ya daɗe yana shan ƙwayar barci kada ya yanke ta rana ɗaya, domin hakan yana da nasa haɗarin. Ya je wurin likita, ya faɗi gaskiyar abin da yake sha da yawansa, a rage masa a hankali.